Hatimin Da Tomonaga Ya Kifa

Shafi na 23

Waɗanda suka cika min akwatin saƙo jiya suna cewa Tomonaga ya burge su, na gani. Ban amsa wa kowa ba. Ku karanta wannan tukuna.

*

Kanzaki bai ƙwanƙwasa ba. Da kafaɗa ya turo ƙofar sutudiyon, ya shigo da takalminsa, abin da ko shugaban kamfani ba ya yi a ɗakin nan. Shekara tara ke nan yana manajan mawaƙiya Kurihara Chizuru, kuma a duk shekarun nan Tomonaga bai taɓa ganin sa ba ya gumi ba.

"Tomonaga-san."

Tomonaga bai juyo ba. Yana zaune gaban na'urar haɗa sauti, riƙe da gwangwanin kofi da ya huce tun safe.

"Takalmi," ya ce.

"Bar batun takalmi. Mene ne wannan?"

Ya shimfiɗa masa takarda a kan na'urar. Takardar amincewa ce, wadda sai ta cika za a fitar da faifan Chizuru na farko da harshen Turanci zuwa masana'anta. A samanta akwai gurabe goma sha ɗaya a jere, daga na ƙaramin ma'aikaci a dama har na shugaba a hagu. Kowane jan hatimi ya ɗan karkata hagu, yana rusuna wa na gaba da shi, kamar yadda aka koya wa kowa tun makonsa na farko a aiki. Na huɗu ne kawai ya tsaya kai ƙasa, ƙafa sama.

"Hannu ne ya zame," in ji Tomonaga.

"Shekara talatin da ɗaya kana buga hatimi a kamfanin nan, sai jiya hannunka ya koyi zamewa? Kuma da ya tashi zamewar, ya juya cif?"

"Tsufa ne."

"Tsufan banza."

Dukansu sun san abin da ake nufi. Ma'aikaci ba ya ce wa takardar da manya suke so a'a. In ransa bai kwanta ba, sai ya kifa hatiminsa. An buga dai, takarda za ta wuce, amma duk wanda ya duba zai san akwai wanda ya buga yana toshe hanci.

"Har hawa na shida, wurin manya, ta kai," Kanzaki ya ce yana share wuya. "Sakatariyar shugaba ta miƙo min ita da yatsa biyu, kamar ta tsinci mataccen ɓera. Tun ƙarfe tara nake bin ofis-ofis ina duƙawa, ina roƙon mutum goma su sake buga wata. Ga ta nan. Gurbinka kawai ya rage. Ƙarfe uku mai ɗaukar saƙo zai zo."

Tomonaga ya ɗauki sabuwar takardar, ya nisanta ta da idonsa.

"Karanta min layi na bakwai. Na manta tabarau."

"Yana kan goshinka."

"Karanta dai."

Kanzaki ya ja tsaki. "Murya, Kurihara Chizuru."

"Ita kaɗai?"

"Faifanta ne."

"Wuri ɗari huɗu da goma sha biyu, Kanzaki-san. Ni na ƙirga."

"Rage murya."

"Ɗakin nan ba ya fitar da sauti. Shi ne amfaninsa."

Abin da ake ɓoyewa ba mai tsawo ba ne. Kafin mawaƙiya ta shiga ɗaukar waƙa, akwai wadda ake kira ta fara rerawa, don tauraruwar ta saurara ta haddace hawa da sauka. Muryar jagora ake ce mata. In an gama, sai a share ta, ba a rubuta sunanta ko'ina. Shekara goma sha huɗu Nakandakari Toshie ce muryar jagorar Chizuru. 'Yar Okinawa ce, ta tashi a gindin sansanin sojan Amurka inda uwarta ke wanki, Turanci a bakinta kamar ruwa. Chizuru kuwa sai da aka rubuta mata kalmomin da haruffan Japan kafin ta iya bi. Duk inda harshenta ya harɗe a faifan nan, Tomonaga ya yanke gaɓar, ya dasa ta Toshie, ya goge ɗinkin har kunne ba ya ji.

"Me kake so?" Kanzaki ya tambaya. "Faɗa min. Hutu? Sabuwar kujera?"

"Sunan matar a jikin faifan."

"Ka haukace."

"To ka kai takardar haka."

Ya faɗi maganar a hankali, kuma ya ji daɗinta a bakinsa. Tun jiya yake jin wannan daɗin. A jirgin ƙasa da safe ya kalli mutanen da ke rataye da hannu ɗaya, kowa da baƙar kwat, ya ce a ransa babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa kifa hatimi.

Aka turo ƙofar a hankali.

Chizuru ce, cikin kimono ruwan toka, doguwar rigar gargajiyar Japan. Daga wurin ibada take, inda kamfani ya kai ta a yi addu'ar faifan ya samu kasuwa, masu kyamara suna ta walƙiya. Ta cire takalmanta, ta durƙusa ta juya su suka fuskanci ƙofa, sannan ta sa silifas ɗin baƙi. Sai ta kalli ƙafafun Kanzaki. Shi da kansa ya koma baya ya tuɓe.

"Kanzaki-san, sayo min ruwa."

"Ga ruwa nan a firiji."

"Na shagon da ke bayan tasha nake so."

"Ai duk ɗaya ne."

"Na san ɗaya ne."

Ya kalle ta, ya kalli agogo, ya fita.

Tomonaga bai miƙe ba. Tun tana 'yar shekara goma sha bakwai yake ɗaukar muryarta, kuma tun ranar ya yanke mata hukunci: fuskar tallan sabulun gashi ce da aka koya wa buɗe baki. Ta iya murmushi, ta iya gode wa masoya da hawaye daidai lokacin da kyamara ta juyo. Ko za a dasa mata muryar akuya a tsakiyar waƙa, ba za ta lura ba, in dai an ce mata ta yi kyau.

"An ce ka kifa hatimi saboda ni," ta ce.

"Saboda aikin."

"Ashe. Sa min waƙa ta uku."

"Kurihara-san, ba ni da lokacin..."

"Kana da minti arba'in. Sa min."

Ya danna. Sautin fiyano ya cika ɗakin, muryar ta shigo, santsi kamar an shafa mata mai. Ta tsaya da hannuwa a naɗe, idonta a kan lasifika.

"Tsaya. Nan."

Ya tsayar.

"Wannan numfashin ba nawa ba ne. Ci gaba."

Ya ci gaba. Bayan daƙiƙa huɗu ta ɗaga yatsa.

"Ƙarshen kalmar nan ba nawa ba ne. Ta gaba tawa ce. Ta bayanta rabi nawa, rabi nata. Ci gaba mana, me ka tsaya kallo?"

Har waƙar ta ƙare tana ɗaga yatsa. Sau talatin da tara ta ɗaga. Tomonaga ya san adadin da ke cikin waƙar nan, don shi ya dasa su. Talatin da tara ne.

"Toshie-san ta hanci take jan numfashi kafin ta hau sama," in ji Chizuru. "Ni ta baki. Shekara goma sha huɗu muryarta ce a kunnena, a mota, a banɗaki, a jirgi. Da ita na koyi waƙa. Ka zaci zan ji ta in ce ni ce?"

Gwangwanin kofin da ke hannunsa ya ajiye.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun waƙar farko da ka aiko."

"Kika yi shiru."

"Kai ma ka yi."

"Ni ma'aikaci ne. Abin da aka sa ni..."

"Wa ya sa ka?"

Ya mayar da idonsa kan na'urar.

"Tomonaga-san, tambaya na yi. Wa ya sa ka? Kanzaki ba ya iya riƙe magana in ya tsorata, kuma kullum a tsorace yake. Ya gaya min. Amma ina so in ji daga bakin mai gaskiyar kamfaninmu."

Ranar ta dawo masa gaba ɗaya. Wata rana ce a watan uku. Kalma ɗaya ta maƙale mata, ta maimaita sau talatin da bakwai, ta fita da jan ido. Shi kuma ya zauna yana sauraron kalmar, tana sukan kunnensa kamar tsinke. Muryar Toshie na nan a layin ƙasa, tana jiran a share ta. Ya jawo gaɓa ɗaya ya ɗora. Ta zauna daram. Daɗi ya kama shi har ya kira Kanzaki a waya, ya ce sauko ka ji abin da hannu ke yi. Kanzaki ya saurara, ya ce kai, ci gaba da haka. Iyakar umarnin da aka taɓa ba shi ke nan.

"Kalma ɗaya ce," ya ce.

"Ta haihu ɗari huɗu."

"Da sha biyu."

"Ka ga? Har alfahari kake da ƙirgen." Ta jawo kujera ta zauna a bakinta, saboda ɗamarar kimono ba ta barin mutum ya jingina. "Wata biyar kana yanka ni kana ɗinkewa. Babu ranar da hannunka ya zame. Sai da aka gama, aka share ɗaki, sannan ka tuna kana da zuciya. Kuma ko da ka tuna, me ka yi? Ka je hawa na shida ka ce ba ka yarda ba? Ka kira ni? A'a. Ka juya ɗan katakon hatimi."

"Kin san abin da hakan ke jawo wa mutum a kamfanin nan?"

"Na sani. Harara a lif, sati biyu. Faifan ya fita, ya yi kyau, a ce hannun Tomonaga ne. In asiri ya tonu kuma, ka ce ku duba takarda, ni dama ban yarda ba. Ta ko'ina kai ne ka ci. Ni kuwa a aske min kai a gaban kyamara in duƙa minti ɗaya da rabi ina neman gafara."

"Ba don kaina na yi ba. Sunan Toshie nake so a sa."

"Ka tambaye ta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka tambaye ta kafin ka ɗauki muryarta? To bayan ka ɗauka fa? Lambarta na cikin wayarka."

"Mace ce mai kunya. Ba za ta iya nema wa kanta ba."

"Shi ya sa ka zama bakinta. Kamar yadda ka zama nawa."

Ta jawo sabuwar takardar, ta bi guraben da farce.

"Goma sha ɗaya. Mai zanen bangon faifai yana da gurbi. Mai kula da talla yana da shi. Kai kana da shi. Nemo min nawa."

Ya duba, ko da yake ya sani. Ba a taɓa yin gurbin mawaƙi a takardar nan ba.

"Da ina da shi, ba kifawa zan yi ba," ta ce. "Ƙin bugawa zan yi."

"Da sauƙin faɗa."

"Ƙwarai. Shi ya sa na zo wurin mai gurbi. Muryata tana nan? Ta ainihin, wadda ba ka taɓa ba?"

"Tana nan."

"An haɗa ta da kiɗa?"

"Na haɗa tun farko, don in gwada." Ya murtuke fuska. "Ba ta fituwa, Kurihara-san. Ba zagi ba ne. Bature zai ji layi biyu ya fashe da dariya."

"Na sani. Shekara biyu ina tashi ƙarfe biyar, malamar Turanci na sa min fensir a baki. Iyakar inda na kai ke nan. Mummuna ce. Amma in sun yi dariya, ni suka yi wa."

"Kunnena ba zai bar ni in fitar da..."

"Kunnenka." Ta yi 'yar dariya. "Ko yaushe kunnenka. Mu duk kayan aikin kunnenka ne."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, sau biyu, a hankali, irin na wanda ke tsoron ya dami katakon.

"Na gayyace ta," in ji Chizuru. "Shekara goma sha huɗu ba a taɓa kiran ta ta ji abin da aka gama ba. Shigo, Toshie-san."

Nakandakari Toshie ta shigo tana rusunawa tun daga bakin ƙofa. 'Yar ƙaramar mace ce mai shekara hamsin da biyu, da rigar sanyi da ta koɗe a gwiwar hannu, da ƙaramin akwatin biskit na garinsu a naɗe cikin ƙyalle.

"Ku yi haƙuri, na shigo muku ana aiki. Wannan ba wani abu ba ne, a sha shayi da shi." Ta miƙa wa Tomonaga da hannu biyu. "Tomonaga-san, ka rame. Har yanzu kofin gwangwani ne abincinka?"

Ya karɓa. Bai iya kallon ta ba.

A bayanta Kanzaki ya shigo da gorar ruwa, yana haki. Da ya ga wadda ke tsaye, sai fuskarsa ta koma kalar takarda.

"Nakandakari-san! Kai, abin farin ciki. Amma yau ɗin nan muna cikin..."

"Zauna, Kanzaki-san," in ji Chizuru. "Tomonaga-san, sa mata ta uku. Wadda za ta fita."

Ya kalle ta. Ta kalle shi. Ya danna.

Toshie ta zauna a gefen kujera, jaka a cinya, ta rufe ido. Leɓenta na motsi tare da waƙar. Wajen tsakiya, inda muryar ke hawa ta tsaya a sama, ta sa hannu ta rufe baki. Da aka gama ta daɗe ba ta buɗe ido ba. Sannan ta miƙe, ta juya ga Chizuru, ta duƙa sosai.

"Chizuru-chan. Yi haƙuri, har yanzu da kiran yarinta bakina ke kiran ki." Ta lalubo hankici. "Ranar da aka ce min da Turanci za ki yi, ban yi barci ba. Na ce za su cinye yarinyar nan. Ashe ni ce ban san ki ba. Kin ji ƙarshen layin nan kuwa? Ko ni ban kai shi haka ba. Tun kina 'yar makaranta nake jiran ranar da ba ki bukata ta. Yau na ji ta da kunnena."

Kanzaki ya saki numfashi, ya fara tafi shi kaɗai.

"Ai kuwa! Ƙoƙari ne, ƙoƙari. To, tunda kowa ya ji daɗi, Tomonaga-san, ga takarda, ga tawada..."

Chizuru ba ta ce na gode ba. Tomonaga take kallo, kuma a idonta babu roƙo. Kallon wanda ya riga ya san abin da za ka yi ne, yana jira kawai ka tabbatar masa.

Hatimin na cikin aljihun rigarsa. In ya buga shi a miƙe, matar nan za ta koma gida da farin cikinta, ta ba maƙwabta labari. Wa aka cuta? Ya nemi amsar da za ta bar shi ya buga, ya kusa samu. Sai Toshie ta juyo gare shi da jiƙaƙƙen ido.

"Kai ma sannu, Tomonaga-san. Ka yi haƙuri da ita har ta kai."

"Ba ita ba ce," ya ce.

"Na'am?"

"Ƙarshen layin. Ke ce."

"Tomonaga-san!" Kanzaki ya daka tsawa.

"Ni na yanko daga muryar jagora na dasa. Ba wanda ya sa ni. A duk faifan haka ne, waƙa tara cikin goma sha biyu." Da ya fara sai maganar ta yi ta zuba. "Amma kada ki damu. Na ce ba zan yarda ba sai an sa sunanki. Haƙƙinki ne. Shekara da shekaru ana share ki, lokaci ya yi da duniya za ta..."

"Wuri nawa?"

Muryarta ba ta tashi ba. Ta ninke hankicin gida huɗu, ta mayar jaka.

"Ɗari huɗu da goma sha biyu."

"Kuma na tsaya a nan ina yabon kaina."

"Ba laifinki ba ne, ɗinkin ne ya..."

"Ya yi kyau. Na ji." Ta dube shi daga sama har ƙasa, kamar yadda ake duban kifin da ya kwana a kasuwa. "Tomonaga-san, ka san dalilin da ya sa mawaƙa ashirin da wani abu ke kira na? Ba don na fi kowa murya ba. Akwai yara a makarantun waƙa da suka fi ni. Suna kira na ne don sun san in na fita ƙofar nan, na fita. Mace za ta tsaya a gabana ta yi kuskuren da ba za ta yi gaban mijinta ba, don ta san ni ba kowa ba ce, kuma ba na son zama kowa. Aikina ke nan. Na iya shi. Naka aikin kuma, a ƙarshe, ka danna abu ɗaya ka share ni. Shi ne ka kasa."

"Sunanki nake..."

"Wa ya roƙe ka suna? In ka sa sunana a faifan nan, me ka rubuta? Ka rubuta cewa yarinyar nan maƙaryaciya ce, ni kuma ɓarauniyar da ke shiga waƙar mutane ta bayan gida. Wace mawaƙiya za ta sake bari in kusanci makirufonta?" Ta girgiza kai. "Tausayina kake ji. Tun yaushe? Ni ban taɓa jin tausayin kaina ba sai yau da ka sa na yi kuka a kan muryata kamar wawuya."

Chizuru ta sauko daga kujera, ta durƙusa, ta kai goshinta ƙasa.

"Na sani tun watan uku, Toshie-san. Na ji tsoro. Kuma yau na bari kin saurara ban gaya miki ba, don in matsa masa. Ki gafarce ni."

"Tashi, za ki ɓata kimono. Ke ma za mu yi magana, ba yau ba." Toshie ta juya ga Tomonaga. "Share ni."

"Ba zai yiwu ba!" Kanzaki ya shiga tsakaninsu da na'urar, hannuwa a buɗe. "Minti goma sha ɗaya ya rage. An buga ranar fitowa a jikin jiragen ƙasa. Nakandakari-san, ki yi wa girma, babu wanda zai sani."

"Mu huɗu mun sani."

"Tomonaga-san, ji nan. Kwafi ɗaya ne, kai ka sani, ba a fitar da komai daga ɗakin nan sai takarda ta cika. In ka taɓa shi, aikin wata biyar ya tafi. Kuma na rantse maka, daga nan har Osaka babu sutudiyon da zai bar ka ka share masa tabarma. Shekara biyu ya rage ka yi ritaya da furanni. Kada ka biye wa mata biyu da ransu ya ɓaci."

"Matsa," in ji Tomonaga.

"Ba zan matsa ba."

"Kana taka min waya."

Kanzaki ya duba ƙasa, ya ɗaga ƙafa, ya ja gefe ba tare da ya yi tunani ba. Kafin ya gane babu wata waya a wurin, hannun Tomonaga ya kai.

Ya zaɓi faifan da aka ɗinke, duka goma sha biyun. Ya haɗa da layin muryar jagora. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, ta ce abin da aka share ta nan ba ya dawowa. Aiki mafi kyau da hannunsa ya taɓa yi ke nan a shekara talatin da ɗaya, kuma babu wanda zai ƙara jin sa. Ya ji zafin wannan fiye da zafin korar da ke tafe, ya kuma ji kunyar cewa shi ne ya fi masa zafi.

Ya danna.

Kanzaki ya zauna a ƙasa, gorar ruwan ta gangara ƙarƙashin kujera.

Toshie ba ta gode masa ba. Ta gyara jakarta a kafaɗa.

"Da ka yi haka a watan uku," ta ce, "da daƙiƙa ɗaya ya ɗauke ka."

Ta nufi ƙofa. Kafin ta kai hannu, aka buɗe daga waje.

Ogasawara ne, shugaban kamfani, wanda rabon da ya sauko ɗakin ƙasa tun bikin sabunta ginin. Ya cire takalminsa da kansa. Kowa ya miƙe, har Kanzaki, da kyar.

"Ku zauna, ku zauna." Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan matar da bai sani ba. "An ce min injiniyana yana da magana a kan faifan nan. Ni ba na son jin magana a bakin sakatariya. Na ce bari in zo in ji kayan da kunnena kafin ya bar gidan."

Ya ja kujerar tsakiya, wadda ke daidai tsakanin lasifikan biyu, ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Ranka ya daɗe," Kanzaki ya fara, "akwai ɗan..."

"Ba kai na tambaya ba. Tomonaga."

"Ranka ya daɗe."

"Wanda za mu sayar wa duniya. Daga waƙar farko."

Abu ɗaya ne ya rage a cikin na'urar: muryar Chizuru ta ainihi, wadda ba a ɗinke ba. Tomonaga ya ɗora yatsa a kansa, ya ɗago ya dubi Chizuru. Fuskarta ta yi fari.

"Ƙara sautin," ta ce.